Gwaji Ya Fito Lafiya, Barci Bai Dawo Ba: Nazarin Halin da Wata Ɗalibar Jinya Ta Shiga a Kano

Ɗalibar da wannan nazari ya shafa tana aji biyu a makarantar koyon aikin jinya, shekarunta 21. Ita ce auta a ɗakinsu, Auta kuma ake ce mata a gida, don haka da shi zan riƙa ambatonta. Da yardarta na rubuta, bisa sharaɗin ba za a faɗi sunanta na yanka ba, ba kuma za a faɗi makarantar ko asibitin ba. Ni ce malamar da ke bin rukuninsu zuwa asibiti, in ga abin da hannunsu ya iya, in sa musu hannu a littafi.

Ga matsalar a dunƙule. Allurar da aka yi wa wata majinyaciya mai ɗauke da ƙwayar HIV ta soke ta a dutin dare. Ta sha maganin kariya, gwaje-gwaje duk suka nuna ba ta kamu ba. Amma wata huɗu bayan nan barcinta bai wuce awa uku zuwa huɗu a dare, gabanta na yawan faɗuwa, hannunta na rawa in ta ɗauki sirinji, har ta kusa ba wata majinyaciya maganin wata. Abin da ya kore mata barci daban, abin da ya hana shi dawowa daban. Na farkon kowa ya gan shi, an kuma yi maganinsa yadda ya kamata. Na biyun ne ya kusa raba ta da karatu, kuma babu fom ɗin da ake cika masa.

Yadda take kafin lamarin

Gidansu yana Kurna, gidan yawa ne. Mahaifinta yana da shago a Kantin Kwari, matansa biyu, ga jikoki, ga baƙi daga ƙauye da ba sa yankewa. Yayyenta mata duk sun yi aure, saboda haka ranar girkin Umma aikin a kanta yake, haka wanke-wanke da wanki. Ɗaki ɗaya take kwana da 'ya'yan yayarta biyu da ake riƙo. Katifarta ita ce makwanci, ita ce teburin karatu, a kanta take cin abinci, a kanta take duba waya.

Adaidaita biyu take hawa kafin ta isa asibiti. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin hawa ya yi tsalle, sai ta koma taka wani yanki na hanyar da ƙafa. Ke nan ranar dutin safe, daga sallar Asuba babu komawa. Ranar dutin yamma kuwa sai bayan Isha take shiga gida, ta tarar da kwanuka suna jiranta.

Yarinya ce mai tsantseni, mai tsoron a ce ta yi ba daidai ba, irin waɗanda za su auna jinin mutum sau biyu don su tabbatar. Tun tana sakandare, in jarrabawa ta matso barcinta yakan ragu, da an gama kuma ya dawo. Masanin barci Arthur Spielman, a shekarun 1980, ya kasa rashin barci kashi uku: abin da mutum ya taso da shi, abin da ya tayar da ciwon, da abin da ke ci gaba da raya shi bayan dalilin farko ya wuce. Kashin farkon ke nan a wurin Auta, kuma hali ne da muke yaba wa ɗalibi a aji.

Daren allurar

Lokacin sanyi ne, a ɗakin mata, dare na uku a jere. Nas ɗaya ce da ɗalibai biyu a kan ɗaki cike da gadaje. Wajen ƙarfe 4 na dare ta gama yi wa majinyaciyar allura. Akwatin zubar da allurai yana can ƙarshen ɗaki, ya kuma cika har baki. Sai ta yi abin da muke hanawa a aji amma kullum suke gani ana yi: ta riƙe murfi da hannu ɗaya, allura da ɗaya, za ta rufe. Ta kuskure murfin, allurar ta shige mata yatsa.

Ba banza abin ya faɗo a wannan sa'a ba. Tsakanin ƙarfe 3 da 5 na dare zafin jikin mutum yake yin ƙasa sosai, hankali ya yi nauyi, ido da hannu su daina tafiya tare, ko da mutum ya yi barcin rana. Ita kuwa a ranar abin da ta samu bai kai awa uku ba, don an yi baƙi.

Ta matse yatsar, ta zuba mata sinadarin wanke ƙasa, ta sa safar hannu ta ci gaba da aiki. Abin da ya kamata shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana, ba matsa ba sinadari, a kuma faɗa nan take. Ba ta faɗa ba, don tsoron faɗa. Abokiyar dutinta ce ta sanar da sista da safe wajen miƙa aiki. Allah Ya taimaka ba a makara ba: maganin kariya ana fara shi ne cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, a sha kwana 28 ba fashi. A safiyar aka ɗebi jininta aka ba ta magani. An gwada majinyaciyar ciwon hanta nau'in B, ba ta da shi, kuma nan ne aka yi babbar sa'a, domin Auta allura ɗaya kawai ta yi cikin ukun rigakafin. Ciwon hanta ya fi HIV saurin kamawa ta sukar allura nesa ba kusa ba, yakan kai kashi 30 cikin 100 ga wanda ba shi da rigakafi, amma ɗalibanmu ba shi suke tsoro ba.

Lissafin HIV ɗin ta san shi, ta ma rubuta shi a jarrabawa: cikin mutum 1,000 da irin wannan allura ta soka, kusan uku ne ke kamuwa, maganin kariya kuma yana ƙara rage hakan sosai. Sai dai da ƙarfe biyun dare ba 997 ɗin take gani ba, ukun take gani.

Ga kuma abin da ba ya cikin fayil. An sa mata rana bayan Babbar Sallah. Tun watan Mayun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, ciki har da HIV da ciwon hanta da jinin sikila. Doka ce mai kyau, ina cikin masu goyon bayanta. Amma a kan Auta ta zama ranar hisabi: takarda za ta fito, dangi biyu za su gani, wa zai tsaya sauraron labarin murfin allura? Sai ta yanke ba za ta faɗa wa kowa a gida ba. Ta juye ƙwayoyin a robar maganin ƙarin jini, tana sha da tsakar dare in kowa ya yi barci. Haɗin maganin kariyar da ake bayarwa yanzu yana da wani magani mai suna dolutegrabir a ciki, kuma rashin barci na cikin sanannun illolinsa, shi ya sa akan ce wa wanda ya dama ya mayar da shan sa da safe. Ita ta zaɓi lokacin da ya fi ɓoye sirri, wanda kuma shi ne ya fi kore barci.

Abin da ya raya ciwon

Kwana 28 suka cika, ta ajiye magani. Gwajin sati shida ya fito lafiya. Na wata uku, wanda ya faɗo cikin azumi, shi ma lafiya. A takarda magana ta ƙare. A nan ne kuma ainihin ciwon ya kafu, kuma kusan duk abin da ya kafa shi dabara ce da ta yi don neman sauƙi.

Ta fara kwanciya da wuri don ta rama. Duk daren da ba ta duti, ana idar da Isha take hawa katifa, ta yi awa takwas ko tara a kwance, ta samu uku a ciki. Sauran juye-juye ne da duba agogon waya da lissafin awa nawa suka rage kafin kiran assalatu. In aka jera makonni a haka, ƙwaƙwalwa takan haɗa makwanci da fargaba. Alamar a bayyane take a wurinta: tana gyangyaɗi a adaidaita, tana gyangyaɗi a aji, amma da ta ɗora kai a filo sai idonta ya bushe, zuciya ta hau bugu. Barcin yana nan a jikinta, katifar ce ta zama wurin da ba ya sauka.

Da rana kuma sai ta nemi abin da zai riƙe ta. Kofi da safe, lemon ƙara kuzari da la'asar, wani lokaci ta gutsiri goron kakarta. A azumi duk wannan ya koma bayan shan ruwa. Kafeyin, sinadarin da ke hana barci a cikin kofi da goro da lemon kuzari, yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, ke nan abin da aka sha da magariba rabinsa yana nan daram ƙarfe 11 na dare. Da ta ga haka sai ta nemi abin da zai kwantar da ita. Ta fara da Piriton, ya yi mata 'yan kwanaki ya daina, sai nauyin kai da safe. Daga nan ta koma diyazifam, ƙwayar kwantar da hankali da sa barci. Ba ta sha wahalar samu ba, domin mai fararen kaya in ta shiga kemis ba a cika tambayarta takardar likita ba. Diyazifam yana daɗewa a jiki, abin da aka sha daren jiya yana nan tare da mutum a wurin aiki yau, jiki yana saba masa, kuma daren da aka fasa sha rashin barcin yakan dawo fiye da da. Sai mutum ya ɗauka hujja ce cewa ba zai iya ba sai da shi.

Waya ta ƙara nata. Duk ƙurjin da ya fito mata, duk ɗan ɗumin jiki, sai ta shiga intanet neman alamomi, ta ci karo da labarin wani da aka ce gwaji bai nuna ba sai daga baya. Takardar sakamako takan kwantar mata da hankali kwana biyu, a na uku tambayar ta dawo. Ciwon kai da kasalar da rashin barci ya jawo kuwa, sau biyu aka yi musu maganin maleriya da taifod, kamar yadda muka saba yi wa duk abin da ba mu gane ba a garin nan.

A asibiti ta ƙware wajen kauce wa allura. Ita ce gyaran gado, ita ce awon zafin jiki, ita ce raka majinyaci ɗaukar hoto. In lokacin allura ya yi sai ta roƙi ƙawarta. Kowace kaucewa tana ba ta sauƙin minti goma, tana kuma tabbatar wa zuciyarta cewa abin tsoron gaskiya ne. Shafin allurai a littafinta ya tsaya babu sa hannu, jarrabawar gwajin aiki tana matsowa, wata sabuwar damuwar ke nan.

Sai barcin rana bayan dutin dare, wanda a jadawali ake ɗauka kowa yana samu. Wanda ya tsara jadawalin bai san gidan yawa ba. Budurwa a kwance da hantsi, ana daka a tsakar gida, injin markaɗe na maƙwabta yana ruri, masu talla suna sallama, yara suna shiga suna fita. Ko Umma ta yi shiru, abokiyar zamanta ba za ta rasa abin faɗi ba a kan wadda za a kai gidan miji tana barcin hantsi. Da aka shiga Afrilu zafi ya haura digiri 40, ba wuta, ɗaki ya zama ba ya shiguwa da rana.

A wannan tsakanin ne dannau ya fara kama ta. Ta farka ta ji ta kasa motsi, ta kasa magana, kamar an zauna mata a ƙirji. A lokacin barcin mafarki jiki yakan saki gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani. In ƙwaƙwalwa ta farka kafin sakin ya wuce, abin da ake ji ke nan. Ƙarancin barci da rikicewar lokacinsa da kwanciya rigingine duk suna jawo shi. A gida kuwa fassara ɗaya aka yi masa: yarinya tana kwana cikin marasa lafiya da gawarwaki, ta kwaso wani abu. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Mahaifinta ya fara cewa in karatun nan zai zama haka, a haƙura da shi.

Yadda abin ya fito fili

A rabon maganin safe ne. Majinyata biyu masu suna ɗaya suna gado kusa da gado. Auta ta ɗauki maganin hawan jinin ɗaya ta nufi ɗayar, sista ta riƙe mata hannu. Ba a sha ba, ba wanda ya cutu. An yi mata faɗa a gaban masu jinya, aka rubuto mini cewa tana da sakaci, hankalinta ya tafi wajen aure.

Irin wannan rahoto kusan kullum da kalmomi uku yake zuwa: sakaci, son jiki, raini. Ɗalibar da ta shekara ba a taɓa kuka da ita ba, ba ta wayar gari da sakaci haka kawai. Na kira ta ofis na rufe ƙofa, ban fara da maganar magani ba. Na ce, "'Yata, jiya awa nawa kika yi barci?" Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Malama, ni fa na manta rabona da barci mai sunan barci." Sauran bayanin da ke sama a zama uku ya fito, ba a ɗaya ba. Maganar diyazifam ce ta zo ƙarshe.

A 1997 wasu masu bincike a Ostareliya, Dawson da Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa sukan koma kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini, ma'aunin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da shi. Da za a ce ɗaliba ta zo rabon magani a buge, a ranar za a kore ta, gari ya ɗauka. Amma wadda ta zo da kwatankwacin wannan hali saboda rashin barci, cewa muke haka aikin yake, mu ma haka muka yi.

Abin da aka auna

Na ba ta takarda ta riƙa cikawa kowace safiya har sati biyu: yaushe ta kwanta, yaushe take jin barci ya ɗauke ta, sau nawa ta farka, me ta sha, wane duti ta yi. Ta cika ma'aunin damuwa mai tambaya bakwai da ake kira GAD-7, wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 21, daga 10 kuma ake cewa a bincika. Nata ya wuce nan da tazara. Ma'aunin ingancin barci na Pittsburgh, wanda ya haura 5 ake ɗauka barcinsa ya lalace. Nata ya ninka hakan. Waɗannan takardu ba sa yanke hukunci, likita ne ke yankewa, amma sun yi wani amfani da ban zata ba: ganin tambayoyin a buge ya nuna mata cewa abin sananne ne, har an yi masa fom, ba ita kaɗai ba ce.

Sharaɗin da likitoci ke bi kafin su ce rashin barci ya zama ciwo mai zaman kansa shi ne ya kai dare uku a mako, ya yi wata uku, yana kuma taɓa aikin rana. Ta cika duka. Likita ya duba ƙarancin jini da aikin maƙoƙo, domin su ma suna kawo bugun zuciya da rawar hannu. Ba a sami abin a zo a gani ba. An tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin halaka kanta. Ta ce a'a, amma ta sha fatan ciwo ya kwantar da ita sati biyu don a ƙyale ta. Wannan tambaya wajibi ce, yin ta ba ya sa wa mutum tunanin da ba shi da shi.

Da aka ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai ta tubure. A Kano in ka faɗi haka, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau mutum yake ji, ita kuma ta ƙara da tsoron a rubuta a fayil ɗinta na makaranta, ko dangin miji su ji. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa mutum bambanci saboda irin wannan lalura, ta kuma kare sirrinsa. Amma doka ba ta hana tsegumi a zaure. Abin da ya shawo kanta shi ne alkawarin cewa ganin likitan zai zama a sashen marasa lafiya na waje kamar kowa, kuma abin da zai shiga fayil ɗin makaranta jimla ɗaya ce: tana ganin likita, an sassauta mata duti.

Abin da aka yi

Likita bai ƙara mata maganin barci ba, janye wanda take sha ya yi, a hankali cikin makonni, domin yanke diyazifam rana ɗaya yana da hatsari. Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce abin da za a fara da shi a daɗaɗɗen rashin barci shi ne gyaran tunani da ɗabi'ar barci, ba ƙwaya ba. Matsalar ita ce ƙa'idojin an rubuta su ne don mai ɗakin kansa da gadon kansa da aikin da ba ya canza lokaci. Sai da muka yi musu kwaskwarima.

Ƙa'ida ta ce a tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum. Wannan bai ba mu wahala ba, Asuba ta riga ta tsayar. Ta ce kada a hau gado sai barci ya zo, don haka ta daina kwanciya bayan Isha, ta koma wajen ƙarfe 11. Ta ce in an kwanta barci ya ƙi, a tashi a koma wani ɗaki. Ita ba ta da wani ɗaki, sai aka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa: in ta ji juye-juyen ya yi yawa ta sauko nan ta zauna da carbi, ba waya, ba littafin makaranta, sai ta ji ido ya yi nauyi ta koma. Karatu da cin abinci ma suka koma kan tabarmar. Waya tana kwana a ɗakin Umma. Kofi da lemon kuzari ba sa wuce azahar. Bayan la'asar tana da minti 15 da za ta zauna ta rubuta duk abin da ke damunta da abin da za ta yi a kai. In tunanin ya zo da dare, amsarsa ita ce an riga an rubuta, sai gobe. Satin farko ya fi na baya muni, an kuma gaya mata tun farko cewa haka zai kasance, in ba haka ba da ta watsar.

Addu'o'in kwanciya ba wanda ya taɓa su. Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi da tofi a hannu su ne ma suka zama alamar da jiki ke ganewa cewa lokaci ya yi. Ban yi musu da kowa a kan ruƙiyya ba. Abin da na roƙa kawai shi ne duk wani jiƙo ko gari da za a ba ta a nuna wa likita tukuna.

Zama da mahaifiyarta shi ne ya fi komai tasiri, a ganina. Auta ce ta yarda a faɗa mata, ta kuma zaɓi a yi a gabana, da takardun gwaji uku a hannu. Hajiya ta yi kuka, ta ce, "Auta, wata huɗu kina ɗauke da wannan, ina gida ɗaya da ke?" Daga ranar, duk safiyar da ta sauko daga dutin dare ba ta zuwa Kurna kai tsaye, gidan gwaggonta take wucewa, inda babu yara, ta yi awa huɗu zuwa biyar a ɗaki mai labule mai kauri. Girkin ranar kuma aka ɗauke mata. Mahaifinta har yau abin da ya sani shi ne likita ya ce gajiya ce.

A asibiti an cire ta daga dutin dare na wata ɗaya, aka kuma daina haɗa mata dutin yamma da na safe washegari, wanda ke barin mutum da 'yan awoyi tsakanin isa gida da fitowa. Jiki ya fi jure jadawalin da ke tafiya gaba, safe sannan yamma sannan dare. Allura kuwa mataki-mataki ta koma mata: ta riƙe sirinji babu allura, ta zuƙi ruwa, ta yi wa mutum-mutumin gwaji, sannan majinyaci ina tsaye a gefenta, akwatin zubarwa a kusa da hannunta. A na farkon hannunta ya yi rawa, ta yi duk da haka. Ta kuma ƙarasa allurar rigakafin ciwon hanta.

Ba ita kaɗai ba

Wani nazari da mujallar likitanci ta JAMA ta buga a 2016, wanda ya tattaro bincike daga ƙasashe sama da 40, ya sami alamun ciwon baƙin ciki a kusan kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci, kuma cikin waɗanda abin ya shafa, kusan kashi 16 ne kawai suka nemi magani. Wani na 2019 ya sami matsananciyar damuwa a wajen ɗaya cikin uku. Na ɗaliban likitanci ne, amma ɗakin da suke kwana a tsaye shi ne namu ma suke kwana. A Amurka sai da wata budurwa mai shekara 18, Libby Zion, ta rasu a 1984 a hannun likitoci masu neman ƙwarewa da suka daɗe a bakin aiki, sannan jihar New York ta taƙaita awoyinsu a 1989, ƙasar baki ɗaya ta bi a 2003 da iyakar awa 80 a mako.

Tsoron ɗalibanmu kuma yana da tushe. Sun ji labarin likitoci biyu da zazzaɓin Lassa ya kashe a Kano a Janairun 2020. Sun ga yadda mashaƙo ya cika ɗakunan yara a 2023, lokacin da jihar nan ta fi kowace yawan masu cutar. Ɗalibi yana shiga wannan hatsari daidai da ma'aikaci, amma ba shi da albashi, ba shi da ƙungiya, kuma wanda zai kai wa kuka shi ne mai ba shi maki. Shi ya sa yake yin shiru. Bayan lamarin Auta, da na fara tambayar 'yan rukuninsu awa nawa suke barci, ba ita ce ta fi kowa ƙaranci ba, kuma ba ita kaɗai ce ta san hanyar kemis ba.

Inda aka tsaya

Cikin sati shida barcinta ya kai awa shida a yawancin darare, dannau ya ɗauke, ta rabu da diyazifam gaba ɗaya. Makinta na damuwa ya sauko ƙasa da 10. Ba a miƙe aka tafi ba: satin jarrabawar gwajin aiki ta yi dare uku a kan tabarma, haka satin gwajin aure, duk da ta san abin da takardar za ta nuna. Bambancin shi ne wannan karon ba ta koma kwanciyar wuri ba, ba ta je kemis ba, abin kuma ya wuce da kansa. Ta ci jarrabawar. Wayar ce har yanzu ake fama, takan dawo ɗaki in Umma ta manta.

A ɓangarenmu, takardar da ake cikawa bayan sukar allura yanzu tana da layi biyu da na ƙara da biro: a gaya wa ɗalibi ya sha maganin da safe in yana hana shi barci, a kuma sake ganinsa bayan gwajin ƙarshe a tambaye shi barci da fargaba. Jadawalin dutin sauran ɗalibai bai canza ba, domin hannun da ke ɗakunan bai ƙaru ba.

An ɗaura auren. Zangon da za a shiga ɗakin haihuwa aka tura ta, inda dutin dare ba ya kaucuwa, gidan gwaggo kuma ya yi mata nisa daga inda aka kai ta. Mijin ya san labarin allurar, ita ta faɗa masa da bakinta kafin gwaji. Abin da ba a daidaita ba tukuna shi ne barcin rana a gidan da uwar miji take, da wanda zai yi girkin ranar da ta sauko daga duti. Hajiya ta ce ita za ta je ta yi maganar, likita kuma ya ba ta ranar dawowa sati biyu bayan ta fara daren.